Ina so in shiga daji ni kaɗai, inda ba kowa: ina zan nufa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa kwana inda ba ƙarar janareto ko hon ɗin mota ba. Kwanan nan kaina ya cika, ko sallah na tayar sai lissafin ofis ya biyo ni har sujada. Ina da hutun sati biyu a watan Janairu, kuma na ƙudura in tafi wani daji ko dutse mai nisa, inda ba sabis, ba mutum ko ɗaya, in zauna ni kaɗai in yi tunani da zikiri. Ba na son jagora, don in da mutum a kusa ai ba kaɗaici ke nan ba. Na ji ka daɗe kana aikin daji. Ina ya kamata in nufa, kuma me zan riƙa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kawo sauƙi, ya sa hutun ya zo da alheri.

Abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Kana neman wurin da kunnenka zai huta har zuciyarka ta samu natsuwa, sannan ka ɗora sharaɗin cewa sai kai kaɗai, ba jagora. Wurin akwai shi a ƙasar nan, kuma zan faɗa maka inda yake. Sharaɗin ne ba zan goya maka baya a kai ba, kuma ina fata kafin ka gama karanta wannan amsa ka ga cewa abin da kake nema bai ma buƙace shi ba. Na yi shekaru ina aikin ƙidayar tsuntsaye da itatuwa a dazukan Gashaka da tsaunin Mambila, na kwana a tanti fiye da yadda zan iya lissafawa, kuma kaɗaicin da ya fi ratsa ni a rayuwa na same shi ne alhali akwai mutum uku suna dafa shayi a bayan wani tudu kusa da ni.

Niyyarka tana da asali mai kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a Kogon Hira kafin saukar wahayi. Amma ka lura da yadda Nana A'isha ta ba da labarin: yakan ɗauki guzuri ya yi kwanaki, in ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija ya sake ɗaukar wani. Kogon yana kan dutse mai wuyar hawa, amma bai yi nisa da Makka ba, kuma gida an san inda yake. Shi ne kuma ya ce, a hadisin da Bukhari ya fitar daga Ibnu Umar, da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukunci sai ka koma wa malamai, amma a aikace duk abin da na gani a daji ya gaskata waɗannan biyun tare.

Dajin da ba kowa

Mu mutanen birni mukan leƙa daji ta tagar mota mu ce ba kowa a ciki. Wanda ya taka shi da ƙafa ya san ba haka ba ne. Na sha kutsawa cikin kurmi yini guda, har in riƙa raya wa kaina cewa ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa zuwa nan ba, sai in yi tuntuɓe da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ko in ga tsohon mangwaro tsaye a inda ba shi da dalilin fitowa sai in wani ya taɓa zama ya jefar da ƙwallo. Yawancin abin da muke kira daji kufai ne. Inda ba kufai ba kuwa akwai burtali, akwai hanyar maharba, da masu cire zuma, da masu su, da masu haƙar ma'adinai, da masu saran madobiya da aka yi ta lodawa a manyan motoci daga Taraba shekarun baya. Ba ka ganin su, su suna ganin ka.

Daga nan haɗari na farko yake fitowa. Abubuwan da ka lissafa kana so, wato ba hanya, ba sabis, ba idon kowa, su ne daidai abubuwan da ɗan bindiga yake so. Dajin Rugu, da na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da Sambisa wanda asalinsa gandun namun daji ne, duk sun cika sharuɗɗanka, kuma kai ma ka san abin da suka zama. Don haka duk wani daji na Zamfara, Katsina, Kaduna, Neja, Sakkwato da Borno ka cire shi daga lissafi tun yanzu, komai kyawun hotonsa.

Haɗari na biyu mutane ba su cika tunaninsa ba. Ko a inda ake zaman lafiya, baƙon da aka gani shi kaɗai da jaka a baya yana zagaya duwatsu, ba wanda zai ce mai neman natsuwa ne. Za a ce mai kai wa ɓarayi rahoto ne, ko mai neman zinariya, ko mai wani aikin asiri. Mutanen ƙauye sun sha wuya, 'yan sintirinsu kuma ba kullum suke tsayawa dogon bincike ba. Abin da ke raba ka da wannan zargi shi ne a gan ka tare da wanda aka sani, wanda zai ce baƙona ne, mun gaida Jauro, wato mai garin, jiya. Da ɗan gari akan ci gari, daji ma haka yake.

Inda zan tura ka

Gandun dajin Gashaka-Gumti nake ba ka shawara. Shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasa na Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Kudancinsa yana jihar Taraba, arewacinsa ya shiga Adamawa ta wajen Toungo, gabashinsa kuma ya jingina da Kamaru. Babban ofishinsu yana Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi Bali ta hau Mambila zuwa Gembu. Daga Kano ka ware kwana biyu a hanya, ka kwana Jalingo, kada ka yi tafiyar dare. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take haɗa hannu da hukumar gandayen dajin ƙasa wajen kula da shi, kuma ba a shiga sai da izini da ma'aikacin gandun, wanda ake ce wa renja. Ka ga ko ta fuskar doka ma sharaɗinka ya faɗi.

A cikin gandun akwai duniya biyu, kuma shirun kowacce daban yake. Wannan zaɓin ya fi kowane muhimmanci a gare ka, don haka bari in daɗe a kansa.

Ta farko ita ce ƙasa, wajen ƙauyen Gashaka da kogin Kam, inda ake ganin dorina, da kuma Kwano, wani tsohon kufai da ke tafiyar kamar awa uku a ƙafa daga Gashaka, inda masu binciken birai suka kafa sansani tun wajen shekarar 2000. Nan kurmi ne na gaske, ruwan saman da yake samu a shekara ya ninka na Kano. A nan ake samun birin nan mai kama da mutum wanda mutanen wurin suke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kwari kamar ana kiɗa a nesa. Wuri ne mai ban mamaki, amma ba shiru a cikinsa. Gyare ba ya fasawa, kwaɗi su karɓa da magariba, rafi yana ta gudu, birai suna tsawa da asuba. Ga shi ido ba ya wuce taku ashirin sai ya ci karo da ganye. Wanda bai saba ba, kurmi yakan matse masa ƙirji, ya kwana yana kasa kunne ga kowane motsi. Na ga mutane masu ƙarfin hali da suka nemi a fitar da su a kwana na biyu, ba don wani abu ya same su ba.

Ta biyu ita ce sama, tsaunukan ciyawa da Fulani suke kira cappal. Mafi tsawonsu Cappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419, ba inda ya kai shi tsawo a Najeriya, kuma iyakar Kamaru ta bi ta kansa. Masu hawansa sukan bi ta Mambila, daga Nguroje zuwa ƙauyen Njawai, daga nan sai ƙafa. Akwai kuma Cappal Hendu da ke cikin gandun, wanda shi ma ya kai wajen mita 2,000. A can sama itace sai a cikin kwazazzabai, sauran duk tudu ne bayan tudu, ciyawa da iska da sarari. Sauro ya ragu ƙwarai, ƙudan tsando ba ya hawa, wanda shi ne ma dalilin da ya sa Fulani suka hau da shanunsu suka zauna, har da aka kafa gandun aka bar musu wasu yankuna a ciki. Shirun can shi ne irin wanda kake kwatantawa. Za ka zauna ka ji fukafukin shaho yana yanka iska a samanka, ka ji kukan saniya daga tudun da in za ka je sai ka yi awa biyu. Da dare taurari sukan yi yawa har ka rasa Zara a cikinsu.

Can nake so ka je. Amma kada ka sa wa ranka cewa sai ka taka ƙololuwar Cappal Waddi. Wanda ya sa hawan ƙololuwa a gaba, kwanakinsa duk sukan tafi a haki da ciwon gwiwa da lissafin saura nawa, ya dawo da hoto bai zauna ko awa ɗaya da kansa ba. Kuma dutse yana da yaudara, ka gan shi kamar ka miƙa hannu, ka yini ba ka kai gindinsa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka nemi a kai ka wuri ɗaya mai ruwa a kusa, tafiyar yini ɗaya ko biyu daga inda babur ya tsaya, a kafa tanti, ka yi kwana huɗu ko biyar ba ka tashi ba. Janairu lokaci ne mai kyau, rafuka sun janye ana iya ƙetare su, hanya ta bushe. Illarsa biyu: hazon hunturu yakan rage nisan gani, sannan lokacin ƙunar daji ne, don haka renja ne zai zaɓi inda za a kafa tanti, ba kai ba.

Yadda ake keɓewa alhali da mutane a kusa

Ka ce in da mutum a kusa ba kaɗaici ke nan ba. Na fahimci abin da kake gudu, domin mu Hausawa da Fulani ba mu iya barin baƙo ya zauna shi kaɗai ba. In ka koma gefe ka yi shiru, jagoranka zai ɗauka ya ɓata maka rai ne ko ba ka da lafiya, sai ya zo ya zauna kusa da kai yana jan ka da hira don ya ɗebe maka kewa. Kirki ne ya sa shi. Maganin abin shi ne ka yi magana tun a Serti, kafin a ɗaura kaya. Kada ka ce masa kana son hutun ƙwaƙwalwa, ba zai gane ba. Ka ce masa, Malam, halwa na zo yi, ina da wuridi da nake so in cika, daga bayan asuba zuwa hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba ina roƙon a bar ni. Wannan yare ne da kowa ya sani a ƙasar nan. Za ka ga shi da kansa yana hana 'yan dako ɗaga murya, yana kashe rediyo, in yaran ruga sun zo kallon baƙo ya tare su tun daga nesa. Mutumin da kake ganin zai ɓata maka kaɗaici shi ne zai zama mai gadinsa.

Ga yadda nake yi. Ranar da muka sauka, ni da renja mukan zagaya mu zaɓi wurin zama, dutse ko gindin itace, inda ba na ganin tanti amma in na busa usur za a ji. Shi yakan duba ramuka da ƙarƙashin duwatsu da sawun dabbobi, ya ce nan ya yi ko bai yi ba. Mu yanke lokacin dawowata. Sharaɗi ɗaya ne a kaina: ba na barin wurin nan zuwa wani ba tare da na koma na faɗa ba. In lokaci ya wuce da rabin awa ban dawo ba, ya san inda zai nufa kai tsaye. Da wannan tsari nakan samu awa shida ko bakwai a yini ba na ganin kowa, ba na jin muryar kowa.

Kuma akwai wani abu da sai wanda ya gwada yake ganewa. Wanda yake shi kaɗai da gaske a daji ba ya samun natsuwa, domin shi ne mai gadi, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai neman itace, shi ne mai tuna hanya. Rabin hankalinsa yana bayansa kullum. Kai da ka gudo daga lissafin ofis sai ka faɗa lissafin tsira, wanda ya fi shi cin rai. Sai ka san akwai wanda ya ɗauke maka waɗannan kafin zuciya ta saki jiki ta shiga abin da ya kawo ta.

Ka kuma shirya wa abin da shirun zai yi maka, don ba da daɗi yake farawa ba. Yinin farko hannunka zai riƙa kai kansa aljihu neman waya, kunnenka ya riƙa wani ƙugi saboda ya saba da ƙara. Dare na biyu shi ne mai nauyi. Duk abin da hayaniyar gari take danne maka zai taso: bashi, maganar da ka faɗa wa mahaifiyarka ba ka nemi gafara ba, wanda ya rasu ba ka yi kukansa ba. Mutane da yawa a nan suke cewa a koma. In ka daure, wajen kwana na uku abin yakan kwanta kamar ruwan randa da aka daina motsawa, barci ya daidaita da faɗuwar rana, karatu ya riƙa shiga. Shi ya sa tafiyar kwana biyu ba ta isa. Kuma a wannan dare na biyu za ka gode wa Allah da akwai wuta da mutane a gefenta, ka zauna cikinsu ko ba ka ce komai ba.

Abin da ke kayar da mutum a daji

Mutane sukan tambaye ni damisa da ɓauna. Akwai su, amma su ke guje maka, kuma renja ya san inda ba a bi. Abin da ke kayar da mutum ƙanana ne: targaɗe, gudawa, zazzaɓi, ƙishirwa, sanyi, ɓatan hanya. Kowanne cikinsu in kuna uku wahala ce ta kwana ɗaya, in kai kaɗai ne yana iya zama ajali.

Ɗauki saran maciji. A ƙasa-ƙasa wajen duwatsu da ciyawa akwai kububuwa, wadda ba banza aka sa mata gobe da nisa ba, dafinta yana hana jini daskarewa. Akwai kasa, akwai kumurci. Abin da likitoci suka ce a yi shi ne kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi inda ake da allurar dafin. Ka lura da kalmar a ɗauki. Wanda yake shi kaɗai dole ya taka da ƙafar da aka sara, tafiyar kuma ita ke yaɗa dafin. Asibitin da ya yi suna a wannan aiki yana Kaltungo a jihar Gombe, ka duba nisansa da Gashaka a taswira.

Ɓatan hanya kuwa ni ya taɓa samu. Wata shekara a ƙarshen damina muna kan tsauni, na bar tanti da la'asar ina bin kukan wani tsuntsu, ban gaya wa kowa ba don na ga ba nisa. Cikin minti kaɗan gajimare ya sauko ya rufe tudun, ban iya ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki ba. Kowane tudu ya koma kamar ɗan'uwansa. Na yi ta tafiya ina da yaƙinin tanti na nufa, ashe baya nake ba shi. Rigata ta jiƙe, iska tana kaɗawa, haƙorana suka fara haɗuwa, ga magariba ta kawo kai. Abin da ya cece ni kukan maruƙa ne da na ji ana ɗaure su, na bi sautin har na faɗa wata ruga. Dattijon rugar ya ce jabbama, wato maraba, ya sa aka hura mini wuta, aka kawo madara mai ɗumi, ya tura ɗansa da tocila ya gaya wa abokan tafiyata, waɗanda tuni suka bazu nemana cikin duhu a bakin kwazazzabai. Da safe na ga duk yawon da na yi bai fi kilomita ɗaya daga tanti ba. Abin da ya fi damuna har yau shi ne mutum uku da na jefa cikin haɗari saboda kalma ɗaya da ban faɗa ba. Daga ranar na kafa dokar wurin zama ɗaya da usur.

Wataƙila ranka ya raya maka hamada, don ita ce uwar shiru. Na taɓa zuwa Abzin a matsayin baƙo, na ga lambunan Timiya da duwatsun Bagazam, inda ƙololuwar Nijar take, mita 2,022, kuma ban taɓa jin shiru irin na daren can ba. Amma Buzayen da aka haifa a wurin, masu kai raƙuma Bilma ɗauko gishiri, ba sa ratsa Tenere sai a ayari bayan madugu. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, da yawa 'yan ƙasar Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Ga kuma halin tsaron yankin a shekarun nan. Ka ajiye wannan buri tukuna.

Guzuri da sallama

Kayan ba su da yawa. Sanyi ne abin da Bakano ya fi rainawa: kowane mita 1,000 da ka hau zafi yakan ragu da kamar digiri 6, kuma daren Janairu a kan tsauni yakan sauka ƙasa da digiri 10, ga iska. Ka riƙi bargo mai kauri, rigar sanyi, hular sanyi da safa. Takalmi mai rufi wanda ka riga ka saba da shi, kada ka sayi sabo ranar tafiya. Tocila biyu, ashana a leda, usur, buta, gidan sauro don kwanakin ƙasa. Abinci wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, shinkafa, shayi da sukari, kuma ka lissafa da bakin renja da 'yan dako. Ruwan rafi komai haskensa a tafasa. Ka ga likita kafin ka tashi ya haɗa maka maganin zazzaɓin cizon sauro da na gudawa da gishirin nan da ake kaɗawa a ruwa, in kana da hawan jini ko asma ko ciwon suga kuma ka gaya masa tsawon da za ka hau. Kuɗi a hannu, ƙanana, don a cikin daji ba na'urar cire kuɗi. Ka sa goro, sukari da ganyen shayi na gaisuwar Jauro da Arɗo, ka koyi jam waali da useko, wato ina kwana da na gode. Hausa tana yi a can, amma gaisuwa da Fulatanci tana buɗe fuska. 'Yan dako ka biya su da kyau ba tare da dogon ciniki ba, su ne za su ɗauko ka in ƙafa ta ƙi. Duk ledar da ka shiga da ita ka fito da ita.

Sannan gida. Ka zauna da maiɗakinka da mahaifiyarka in tana raye ka gaya musu gaskiyar inda za ka da dalili. Ka rubuta a takarda sunan wurin, ranar shiga, ranar fitowa, lambar ofishin gandun da ta wanda zai raka ka, da ranar da in ba a ji ka ba za a fara kira. Natsuwar da aka saya da fargabar iyali ba ta da albarka.

In kuɗi ko lokaci bai kai Gashaka ba, akwai na kusa. Yankari a tsakiyar mako, nesa da hutun Sallah da na Kirsimeti, takan yi tsit, ka sauka ruwan Wikki da sassafe kafin kowa ya tashi. Duwatsun Shere a gefen Jos ana hawa a sauko a yini ɗaya da ɗan gari. Fadamun Haɗejiya da Nguru, wajen Dagona, a hunturu suna cika da tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai, ka shiga kwalekwale da masunci ɗaya ka yini ba wanda ya kira sunanka. Gara ma ka fara gwada ɗaya daga cikinsu na kwana biyu kafin Janairu, ka ga yadda kai da shiru za ku kwashe.

Akwai iyakar abin da zan iya ba ka shawara a kai. Ka ce kanka ya cika. In gajiya ce da hayaniya, tsauni zai yi maka magani da yardar Allah. In kuwa abin ya kai ga barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ba ya shiga, abin da kake so da ya daina burge ka, ko kana jin rayuwar ma ta ishe ka, to wannan ba aikin daji ba ne, kuma keɓewa tana iya ƙara shi. Ka fara ganin likita, ka gaya wa wani na jikinka, tsaunin yana nan ba inda za shi. Haka kuma labarin tsaro yana sauyawa daga wata zuwa wata, har a kan hanyar Jalingo zuwa Bali, don haka maganata ta yau ba za ta tsaya a madadin ta mutanen wurin ba. Sati biyu kafin tafiya ka tuntuɓi ofishin gandun a Serti ka tambaye su wane ɓangare suke kai baƙi a yanzu, wace hanya suka ce a bi, da nawa ne kuɗin shiga da na renja. Ka sake kira ana jibi za ka tashi. In sun ce a dakata, ka dakata.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In ka isa rugar farko a kan tsauni aka miƙo maka ƙwaryar madara, ka karɓa da hannu biyu ka zauna ka sha, halwar ta jira zuwa la'asar.